Filasma: Kayan Sun Tafi, Suna Ya Zauna



Da wuya mu karanta labarin gidan mai kuɗi a littattafanmu ba mu ci karo da ƙatuwar filasma manne a bangon falo ba. Haka muke rubutawa, haka ake faɗa wajen lissafin kayan ɗakin amarya. Sai dai manyan kamfanoni sun daina ƙera talabijin ɗin filasma tun 2014. Yawancin abin da muke kira filasma yau LCD ce, wato kishiyar da ta kore ta daga kasuwa.

An ƙirƙiro allon filasma a 1964 a Jami'ar Illinois ta Amurka, a hannun Donald Bitzer da Gene Slottow da ɗalibinsu Robert Willson. Don wata kwamfutar koyarwa mai suna PLATO aka yi shi, kuma launi ɗaya yake nunawa, ruwan lemo. Tsakanin gilasai biyu akwai 'yan mitsi-mitsin gurabe cike da iskar gas, idan lantarki ya ratsa su kowane gurbi ya kunna haskensa da kansa.

LCD kuwa ba ta da hasken kanta. Fitila ce a bayan allon, sai wani ruwa na musamman a gaba da yake buɗe wa hasken hanya ko ya tare shi, kamar labule. Kamfanin RCA na Amurka ya nuna ta ga duniya a 1968. Ta fara ne daga agogon hannu da kalkuleta, sai a 1988 Sharp na Japan ya fito da mai launi, inci 14.

Filasma ce ta riga hawa bango. A 1997 mai inci 42 ta shiga kasuwa a kan kusan dala 15,000, lokacin LCD ba ta iya wannan girma ba. Duk mai son faffaɗan allo marar doro dole ita zai saya. Daga nan sunan ya kama bakin mutane.

Zuwa tsakiyar shekarun 2000 LCD ta girma, mai saye ya shiga tsaka mai wuya. Filasma ta fi baƙi na ainihi, launinta ba ya dusashewa ga wanda ya zauna a gefe, ƙwallo ba ta jan inuwa idan tana gudu. Amma tana da nauyi, tana zafi, tana shan wuta, gilashinta yana ƙyalli a ɗaki mai haske, kuma tambarin tasha idan ya daɗe a wuri ɗaya yakan bar tabo a allon. LCD ba ta kai ta kyan hoto ba, amma ba nauyi, ba cin wuta sosai, ga ta ƙanana da manya. Irin allon nata kuma shi ake sa wa kwamfuta da wayar hannu, don haka masana'antunta suka yawaita, farashi ya yi ta sauka. Da aka mayar da fitilar bayanta ta LED, sai ta ƙara sirancewa da rage cin wuta.

Mai laya kiyayi mai zamani. Pioneer, mai filasmar Kuro da masana suka fi yabo, ya sanar da barin harkar talabijin a 2009. Panasonic ya rufe nasa a Maris 2014, Samsung da LG suka biyo baya kafin ƙarshen shekarar. Wadda ta fi kyan hoto ce ta faɗi.

Ina ruwan marubuci da wannan? Kayan ɗaki su ne kalandar labari. Idan labarinmu a Kano ta 1990 yake, filasma a bango ƙarya ce da mai karatu zai kama. Talabijin mai doro ce a kan teburi ko cikin kabad. Idan a 2008 yake, muna da rikici a hannu: mai gidan kallon ƙwallo da ya tara kuɗi da ƙyar, yana son allon da na gefen benci zai gani sarai, amma yana lissafin man janareto kullum dare. Zaɓinsa kaɗai ya isa ya nuna mana halinsa.

Idan kuma a yau labarin yake, mu bar Hajiya ta ce an saya wa 'yarta filasma. Kalmar ta zama tamu, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo, kowane dunƙulen miya Maggi. Kada mu gyara wa mutanen labarinmu baki. Mu dai da muke riƙe da alƙalami, mu san wace ce a bangon, kuma a wace shekara aka rataye ta.

Allah Ya ƙara mana basira. Sai mako na gaba.