Daga Gwiwar Hannun Don Carter Zuwa Hannu Biyun Belmonte

A wasan bolin, ƙwallon da ya fi nauyi fam 16 ne, fiye da kilo 7, kuma ƙafa 60 zai yi yana gangarawa kafin ya tarar da sanduna goma da ake son ya kayar. Yatsu uku ne cikin ramukansa, amma wuyan hannu ke shan nauyin. Idan wuyan hannun ya tanƙware baya lokacin saki, ƙwallo sai ya tafi salalo-salalo, ba juyi ba lanƙwasa.

Sa'ad da aka kafa American Bowling Congress a New York a 1895, da ƙwallon katako ake wasa. Na roba ya zo a farkon ƙarni na 20, aka daɗe a kansa. Koyarwar zamanin ita ce a miƙe hannu, a bar shi ya yi lilo daga kafaɗa, nauyin ƙwallo ya ja kansa.

Don Carter kuwa bai bi wannan ba. Gwiwar hannunsa a tanƙware take, ya duƙa, ya tura ƙwallo kamar mai tura baro. Duk da haka shi ya mamaye shekarun 1950, har a 1964 kamfanin Ebonite ya ba shi kwantiragin talla na dala miliyan ɗaya, abin da ba a taɓa yi wa ɗan wasa ba. Da yau ne, koci zai hana shi wannan salo tun yana yaro.

A shekarun 1970 hanya ta rabu biyu. Earl Anthony, bahago, a natse yake jifa, komai iri ɗaya. Mark Roth kuma ya ɗaga ƙwallo sama, ya naɗe wuyan hannu, ya fizge shi da ƙarfi, a 1978 ya ci gasa 8 ta ƙungiyar ƙwararru ta PBA. Kowa na son lanƙwasa irin ta Roth, sai dai ba kowa ke da ƙarfin hannunsa ba. Nan matallafin wuyan hannu ya samu kasuwa. Da fari fata ce da ɗan ƙarfe a bayan hannu, daga baya aka ƙera masu noti, waɗanda ake saita yadda hannu zai karkata.

Abin da ya rage wa matallafin daraja ƙwallon ne da kansa. Na yuretan ya shigo a farkon shekarun 1980, mai fatar resin a farkon shekarun 1990, wanda ke shan man da aka shafa wa layin wasa yana kama ƙasa. Salon saki ma ya sauya: ƙwararru suna naɗe wuyan hannu ne su warware shi a daidai lokacin da babban yatsa ya fita. Ƙarfen da ya ƙulle hannu ba zai bari a yi haka ba. A ganina matallafin bai taɓa koya wa kowa lilo ba. Wanda ke fizgar ƙwallo daga kafaɗa zai ci gaba da fizga ko da me ya ɗaura.

Jason Belmonte na Ostireliya ya zo da hannu biyu, ba ya ma sa babban yatsa a rami, ya tara manyan kofunan PBA fiye da kowa. Yara da yawa yanzu shi suke kwaikwayo. Matallafin kuwa an fi ganinsa a hannun dattawa, da masu jinyar rauni, da 'yan gasar unguwa masu zuwa sau ɗaya a mako.