Daga ina rigar Kamala Khan ta samo asali?

'Yan uwa masu kwana kallon finafinan Marvel a ɗakunan kwana, kun san tarihin rigar Ms. Marvel kuwa?

Sunan dai tsoho ne. Tun 1977 ake buga littafin zane mai wannan suna, jarumarsa Carol Danvers, Baturiya mai gashi ruwan zinare. Daga 1978 aka riƙa zana ta cikin baƙar riga ɗamammiya irin ta ninƙaya, da alamar walƙiya a ƙirji. A 2012 Carol ta koma Captain Marvel, sunan ya rasa mai shi.

Sai a Fabrairun 2014 littafin Kamala Khan ya fito. Shekararta 16, iyayenta 'yan Pakistan ne mazauna Jersey City a Amurka. Ita ce Musulma ta farko da Marvel ya ba littafi nata na kanta, G. Willow Wilson ke rubutawa, Sana Amanat edita.

To, ranar da ta samu ƙarfinta, rikiɗa ta yi ta zama Carol sak, har gashin da baƙar rigar, don a tunaninta haka jaruma take. Ai kuwa ta kasa sakewa a ciki. Ƙarshe kayan ninƙayarta masu rufe jiki ta ɗauko ta gyara. Jamie McKelvie ya zana su: doguwar riga shuɗiya, jan wando, jan gyale a wuya, irin shigar Pakistan. Walƙiyar Carol kuwa ya bar mata.

A 2015 littafin ya ci kyautar Hugo. Mu da ke karatu nesa da gida, wa zai ce bai taɓa jin kwaɗayin rikiɗar nan ba?