Julian Stanley da Asalin Farautar Yara Masu Hazaƙa

A Amurka, duk shekara ana zaunar da dubban yara 'yan shekara 12 zuwa 13 su rubuta jarrabawar da aka tsara domin masu shirin shiga jami'a. Wanda ya fara wannan aiki wani malami ne, Julian Stanley, kuma sai da ya kai shekara 50 a duniya kafin ya sa hannu a harkar.

An haife shi a 1918 a jihar Jojiya. Yana ɗan shekara 19 ya riƙe alli, yana koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandaren Atlanta. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauke shi daga aji, bayan an sallame shi daga soja ya tafi Harvard, inda ya sami digirin dakta a 1950. Ya yi suna a fannin ƙididdiga da auna sakamakon jarrabawa, har littafin da suka rubuta da Donald Campbell a kan tsara bincike ya zama abin karatun ɗalibai a ƙasashe da dama. A 1967 ya koma Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore.

Ba shi ya fara damuwa da masu baiwa ba. Tun 1921 Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya tara yara sama da 1,500 a Kalifoniya ta hanyar gwajin kaifin ƙwaƙwalwa, ya riƙa bin diddigin rayuwarsu. Sai dai tankaɗensa ya zubar da tsaba: William Shockley da Luis Alvarez ba su kai makin da ya gindaya ba, amma daga baya kowannensu ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya ta wata doka ta 1958, sannan zafin ya huce.

Abin da ya karkato da Stanley wani yaro ne, Joseph Bates. Wata malamar kwamfuta, Doris Lidtke, ta ga ya yi wa manya fintinkau a ajinta, ta kai maganarsa gare shi. Stanley ya ba yaron jarrabawar SAT ta masu shirin shiga jami'a, ya kuwa ci makin da ya isa shiga jami'a. An zaga makarantun sakandare a nema masa izinin ɗaukar darussan manya, ba a samu ba. A 1969 sai Johns Hopkins ta karɓe shi yana ɗan shekara 13. Kafin ya wuce 17 ya haɗa digiri na farko da na biyu, daga bisani ya zama farfesa a Carnegie Mellon.

A nan Stanley ya gano abin da, a ganina, ya fi duk sauran aikinsa daraja. Jarrabawar aji ba ta iya bambanta haziƙai a tsakaninsu. Idan mudu ɗaya kake awo da shi, mai tiya biyu da mai buhu duk za su cika maka shi, ka ce hatsinsu ɗaya ne. Yara goma na iya cinye jarrabawar sa'o'insu kaf, alhali ɗaya ya ɗan fi abokansa ne kawai, wani kuwa ya riga su da shekara huɗu. Sai an ɗora musu jarrabawar da ta fi ƙarfin shekarunsu tazarar ke bayyana.

A 1971 gidauniyar Spencer ta ba shi tallafi, ya kafa binciken yara masu hazaƙa a lissafi da ake kira SMPY a taƙaice. A watan Maris na 1972 yara kimanin 450 suka zauna jarrabawar farko. Bai tsaya ga aunawa ba kamar yadda Terman ya yi. Ya buɗe azuzuwan lissafi na sauri, bisa ƙa'ida mai sauƙi: a gwada yaro tukuna, a ga abin da bai sani ba, shi kaɗai za a koya masa. Ya kuma riƙa kare tsallake aji da shiga jami'a da wuri, a lokacin da malamai da yawa ke ganin hakan zai hana yaro cin yarintarsa.

Aikin ya bunƙasa har aka kafa cibiyar yara masu hazaƙa ta CTY a 1979. Jami'ar Duke ta bi sahu a 1980, sai Northwestern, sannan Ailan ta buɗe tata a Dublin a 1992. Mark Zuckerberg da Sergey Brin sun bi ta shirye-shiryen CTY suna yara. Terence Tao na Ostireliya kuwa ya ci maki 760 cikin 800 a sashen lissafi na SAT yana ɗan shekara 8, Stanley ya shawarci iyayensa, shi Tao ya zo ya ci lambar Fields ta lissafi a 2006.

An soke shi, kuma ba duk sukar ce ta banza ba. A 1980 shi da ɗalibarsa Camilla Benbow sun wallafa a mujallar Science cewa maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba a cikin masu maki mafi girma a lissafi, suka karkata ga cewa abin na da nasaba da halitta. Ƙura ta tashi. Shekarun da suka biyo baya tazarar ta ragu sosai, abin da ya nuna dama da tarbiyya na da hannu. Ga kuma kuɗin darussan hutun bazara, wanda ɗan talaka ba ya iya biya sai da tallafi, in ma labarin jarrabawar ya kai makarantarsu.

Stanley ya yi ritaya a 1999, amma bai daina zuwa ofis yana ba iyaye da yara shawara ba har rasuwarsa a watan Agustan 2005, yana da shekara 87. Benbow da David Lubinski na ci gaba da binciken a Jami'ar Vanderbilt, suna bin mutum sama da 5,000. Daga cikin abin da suka samu, waɗanda aka tsallakar da su aji sun fi takwarorinsu masu irin makinsu yawan samun digirin dakta, kuma mafi yawansu da suka girma ba su yi nadamar saurin da aka yi da su ba.