Tarihin Firaima da Gwajin Gurbi da Yawa a Kwalba Ɗaya

Zaren gado da masana ke kira DNA an gina shi ne da harufa huɗu, watau A, T, G da C. A kullum A yana kama T, G kuma yana kama C. Sinadarin da ke kwafar wannan zare, mai suna polimares, ba ya iya fara aiki sai an ɗora masa wani ɗan guntun zare mai harufa kamar 20 a daidai inda ake so ya soma. Wannan guntu shi ne firaima. Ana amfani da guda biyu, ɗaya a kowane gefe na gurbin da za a kwafa.

Kjell Kleppe da Har Gobind Khorana sun zayyana tushen wannan dabara a 1971, amma Kary Mullis na kamfanin Cetus da ke Kaliforniya shi ya haɗa ta ta zama hanyar da aka sani da PCR a 1983. A kowane zagaye na zafafawa da sanyayawa kwafin yana ninkuwa biyu, ta yadda zagaye 30 kan iya ba da sama da biliyan ɗaya. Rahoton farko da aka buga a 1985 kan gano cutar sikila ne, wadda ta addabi gidaje da yawa a ƙasar Hausa.

A wancan lokaci gurbi ɗaya ake nema a kwalba ɗaya. A 1988 Jeffrey Chamberlain da abokan aikinsa a Kwalejin Likitanci ta Baylor, a Amurka, suka fuskanci cutar Duchenne mai shanye tsokar yara maza. Gurbin gadon wannan cuta ya zarce harufa miliyan biyu, kuma yankin da ke ɓacewa ya bambanta daga yaro zuwa yaro. Sai suka zuba firaimomi na wurare da dama cikin kwalba ɗaya, wurin da bai fito ba shi ne ya ɓace. A 1990 Alan Beggs da abokansa suka ƙara wasu, har gwajin ya iya gano kashi 98 cikin ɗari na irin wannan ɓacewa.

Daga nan wahalar ta koma kan firaimomin kansu. Ta farko ita ce zafi: wajibi ne dukkansu su kama zare a ma'aunin zafi kusan ɗaya, alhali mai yawan G da C ya fi mai yawan A da T riƙo. Da farko ana ƙiyasi ne, a ba kowane A ko T digiri 2, kowane G ko C digiri 4. Kenneth Breslauer a 1986 da John SantaLucia a 1998 sun kawo lissafin da ke duba kowane harafi tare da maƙwabcinsa, kuma da shi manhajojin kwamfuta irin su Primer3 ke aiki.

Ta biyu ita ce firaima ya bar zaren da aka aike shi ya kama ɗan'uwansa, polimares ya ɓata ƙarfinsa wajen kwafar abin da ba shi da amfani. Firaimomi 12 suna da hanyoyi 66 na haɗuwa biyu-biyu, amma 100 suna da 4,950. A farkon 2020 ƙungiyar ARTIC ta tsara firaimomin karanta zaren ƙwayar cutar korona a yanki 98, aka raba su kwalba biyu. Yanki na 18 da na 76 suka riƙa ƙin fitowa sosai. Kentaro Itokawa da abokansa a Japan suka gano cewa firaima ɗaya na yanki na 18 yana manne wa ɗaya na yanki na 76. Da aka sauya ɗaya daga cikinsu, sai yankunan biyu suka inganta.

Akwai kuma wahala ta uku, domin ƙwayar cuta takan sauya harufanta. Gwajin TaqPath yana neman gurbi uku na korona a lokaci ɗaya. A ƙarshen 2020 a Ingila gurbin da ake kira S ya daina fitowa ga wasu majinyata, saboda nau'in Alpha ya zubar da harufa shida a wurin. Da gurbi ɗaya kaɗai ake nema, da an sallami masu cuta a matsayin masu lafiya. Sauran biyun sun kama cutar, rashin na ukun kuma ya zama alamar bin sawun sabon nau'in. Da wannan alama aka sake bin sawun Omicron bayan an ba da rahotonsa daga Afirka ta Kudu a Nuwamba 2021.

Saboda haka ma'aikacin lafiya da jami'in da ke sayo kayan gwaji suna da tambayoyi biyu da ya kamata su yi: gurbi nawa gwajin ke nema, kuma yaushe aka gwada firaimominsa da nau'in cutar da ke yawo a ƙasa.