Labarin Tsohuwar Kalmar Likitoci, Sikiros

A kasuwar Arzeke ta Paraku, ko a zangon Jugu, za ka ji mai magani yana kira, "Ga maganin saifa, ga na hanta!" Wanda kuwa ya taɓa ɗora hannu bisa cikin yaro mai saifa ya san abin da ake nufi: a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu akwai wani abu mai tauri kamar dutsen niƙa.

To, likitocin dā ma da hannu suka san wannan. Helenawa suka kira shi sikiros, watau abu mai tauri. Galen, likitan da aka haifa a Birgamus wajen shekara ta 129, garin nan da aka ambata cikin Wahayin Yahaya, ya koyar cewa ruwan jiki mai kauri ne yake daskarewa cikin hanta ko saifa har su taurare. Aka bi maganarsa fiye da shekara 1,000. Amma kalmar tana faɗin abin da yatsa ya ji ne kaɗai, ba ta faɗi mafarin ciwon ba.

Sannu a hankali aka gane cututtuka dabam dabam ne suka ɓuya cikin suna ɗaya. A 1819 Laennec, mutumin Faransa, ya ba hanta mai ƙanƙancewa da tauri sunan sirosis. Mutane da yawa suna zaton daga sikiros ya fito, gama sun yi kama a kunne, amma daga wata kalma ce mai nufin launin rawaya-rawaya. A 1851 Bilharz ya ga tsutsar tsargiya a Alkahira. Wata irinta tana zuba ƙwai da ke taurara hanta. A 1880 Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jini a Aljeriya, ita ce mai kumbura saifar yaranmu. A 1965 Blumberg ya ba da labarin alamar da ta kai ga gano ƙwayar ciwon hanta iri na B, wanda yanzu yana da allurar rigakafi. Yawan shan burkutu ma yana yin tasa ɓarna.

Saboda haka, 'yan'uwa, tsagar wanzami bisa ciki ba ta rarrabe waɗannan, sai gwajin jini da na bayan gida a asibiti. Kalmar sikiros kuwa ta kusa ɓacewa. Inda likitoci suka fi riƙe ta yau shi ne wajen wani irin ciwon daji mai tauri na nono da na tumbi.