Daga Tankin Mai Zuwa Kwalba Marar Iska

An buɗe madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, aka ja babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 zuwa Birnin Kebbi. Daga wannan tasha wuta ke sauka kan ƙananan layuka zuwa Jega, Aliero da Maiyama. Da wuya a ambaci na'urar da ke gadin duk wannan dukiya, wato bireka, mai katse wuta idan layi ya samu matsala.

Katse wutar lantarki mai ƙarfi aiki ne mai hatsari. Da zarar ƙarafan biyu sun rabu, harshen wuta kan tashi tsakaninsu, kuma dole a kashe shi nan take. A zamanin Kainji, akasarin birekun kilobolt 11 da 33 cikin tankin mai suke kashe shi. Mai yana aikin, sai dai kowane katsewa na barin baƙin toka a ciki, yana shan danshi, kuma idan aka yi sakacin tace shi yana iya kamawa da wuta.

Tun 1926 Royal Sorensen ya gwada wata dabara a Kalifoniya: raba ƙarafan cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, inda harshen ke rasa abin da zai riƙe shi, ya mutu. Sai a shekarun 1960 dabarar ta shiga kasuwa. Yau ita ce ta mamaye wannan matakin ƙarfi, domin ba ta buƙatar mai, ba ta kuma fitar da iskar SF6 mai ɗumama duniya.

A Nuwamban 2013 aka sayar da akasarin kamfanonin rarraba wuta, daga baya kuma aka sayar da Kaduna Electric wanda Kebbi ke ƙarƙashinsa, tare da kayan da aka gada. Ba lallai ne a rushe tasha ba kafin a sabunta ta: ana iya zare tsohuwar bireka, a saka ta kwalba a mazauninta, a bar akwati da wayoyi.

Gobarar tashar Birnin Kebbi a Satumban 2023, wadda ta jefa Kebbi da Sakkwato cikin duhu, ta nuna tsadar rasa taransifoma. Mai injin casar shinkafa a Jega da jami'ar Aliero da aka kafa a 2006 duk suna dogaro ne da na'urar da za ta katse wuta kafin ɓarna ta kai can.