Ciwon kafaɗa mai zuwa daga taruwar kalsiyam: yadda yake da yadda ake maganinsa

Jijiyoyi huɗu ne ke riƙe kan ƙashin dantse a cikin gurbinsa na kafaɗa, su ne kuma ke ba hannu damar ɗaguwa da juyawa. Wani lokaci sinadarin kalsiyam yakan taru ya dunƙule a cikin ɗaya daga cikinsu, galibi ta sama wadda ke ɗaga hannu ta gefe. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira kalsifik tendinaitis. Ya bambanta da amosanin gaɓɓai, domin shi a jijiya yake, gaɓar kanta lafiyarta lau.

Waɗanda ya fi kamawa

An fi ganinsa ga masu shekara 30 zuwa 60, kuma ya fi yawa ga mata. Masu ciwon suga da masu matsalar tayirod sun fi saurin kamuwa da shi. Shan nono ko cin abinci mai kalsiyam ba ya kawo shi, saboda haka ƙaurace musu ba magani ba ne. Akwai masu ɗauke da dunƙulen ba tare da jin komai ba, sai an ɗauki hoto don wani dalili a gan shi.

Matakan ciwon

Likita Hans Uhthoff na Ottawa a ƙasar Kanada ya bayyana cewa ciwon yana bin matakai. Da farko wani ɓangare na jijiyar yakan canza. Daga nan kalsiyam ya fara taruwa, ya yi tauri kamar alli. A wannan lokaci ciwon kaɗan ne, ko ma babu. Bayan watanni ko shekaru, jiki yakan fara narkar da dunƙulen, ya yi laushi kamar man goge baki, wurin ya kumbura. Nan ne azabar take: ciwo yakan taso farat ɗaya, ya hana barci, ya yi kwanaki ko 'yan makonni. Wato lokacin da ciwon ya fi tsanani shi ne lokacin da jiki ke kawar da dunƙulen. A ƙarshe jijiyar ta gyara kanta.

Alamomi

Ciwo a sama ko gefen kafaɗa, mai sauka zuwa tsakiyar dantse. Yakan ƙaru da dare, musamman idan an kwanta a kan wannan gefen. Yana tsananta a tsakiyar ɗaga hannu ta gefe, har sanya riga, ɗaura ɗankwali, ko ɗaga hannu don kabbara su yi wuya. Hoton ƙashi yana nuna dunƙulen fari tas, haka ma sikanin.

Magani

Mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa ba tare da tiyata ba. Ana farawa da hutar da hannu daga ɗaukar kaya da aikin sama da kai, da ɗora ƙanƙara a cikin ƙyalle na minti 15, da maganin rage kumburi irin su ibuprofen. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu kada su sha shi sai da izinin likita.

Da zarar zafin ya lafa, a koma motsa hannu a hankali bisa koyarwar likitan gashin ƙashi. Ɗaure hannu na tsawon lokaci yana iya sa kafaɗa ta sandare, wanda warkewarsa ta fi daɗewa.

Idan ciwon ya ƙi, akwai allurar sitiroyid a kafaɗa. Tana kashe kumburi, amma takan ɗaga sugan masu ciwon suga na 'yan kwanaki. Akwai na'urar da ke aika bugun sauti mai ƙarfi daga waje don farfasa dunƙulen. Akwai kuma wanke shi da allura: likita yana kallo a sikanin, ya huda dunƙulen, ya zuba ruwan gishiri na asibiti, ya zuƙo shi. Tiyata ta ƙaramar ɓula ita ce ta ƙarshe, galibi bayan wata 6 ana magani babu sauƙi.

Tsaga da ƙaho ba sa kaiwa inda dunƙulen yake, ja da murɗar kafaɗa kuwa suna ƙara kumburi, tunda ba targaɗe ba ne balle karaya.

Lokacin garzayawa asibiti

Idan kafaɗa ta yi ja da zafi tare da zazzaɓi, ko hannu ya kasa ɗaguwa bayan faɗuwa, a je asibiti a ranar. Idan kuma ciwon kafaɗa ko hannun hagu ya zo da nauyin ƙirji, gumi da sarƙewar numfashi, yana iya zama daga zuciya ne; a nan ko jiran wayewar gari ba a yi.